Yael Arad: ƴar wasan judo da ta samo wa Isra'ila lambar Olampik ta farko

Ranar 30 ga watan Yulin 1992, a birnin Barselona na ƙasar Sifaniya, mata biyu suka kara a wasan ƙarshe na judo, ajin kilo 61. Lokaci ya cika ba tare da ɗayarsu ta sami makin da zai raba gardama ba, sai alƙalai suka yanke hukunci, suka ba Catherine Fleury ta Faransa nasara. Abokiyar karawarta, Yael Arad, mai shekara 25, ta tashi da azurfa. Azurfar nan ita ce lambar yabo ta farko da Isra'ila ta taɓa samu a wasannin Olampik, bayan shekara 40 tana zuwa tana komawa hannu rabbana, tun daga wasannin Helsinki na 1952.

Ƴan Nijar sun san ɗacin irin wannan jira. Issaka Daboré ya samo tagulla a damben zamani a 1972, sannan aka shafe shekara 44 kafin Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya kawo azurfa a taekwondo a 2016. Abin lura a labarin Arad shi ne lambarta ba ta zauna ita kaɗai ba. Zuwa ƙarshen wasannin Paris na 2024, Isra'ila ta tara lambobi 20, kuma 9 daga ciki judo ne ya kawo su.

Yadda ake wasan

Judo kokowa ce ta Japan, wadda wani malami mai suna Jigoro Kano ya tsara a 1882. Ta yi kama da kokowar gargajiya ta wajen cewa burin ɗan wasa shi ne ya kai abokin karawarsa ƙasa. Bambancin shi ne a judo ana sanye da riga mai kauri da ɗamara, kuma rigar ake kamawa. Haka nan ana raba ƴan wasa aji aji gwargwadon nauyinsu, kuma taɓa ƙasa da gwiwa ko da hannu ba ya kawo ƙarshen wasa.

Babban maki shi ne ippon, wanda da zarar an same shi wasa ya ƙare. Ana samun sa idan aka maka mutum da ƙasa bisa gadon bayansa da ƙarfi, ko aka danne shi na tsawon daƙiƙa 20, ko aka shaƙe shi ko aka murɗe masa gwiwar hannu har ya buga shimfiɗa alamar ya sallama. A zamanin Arad, idan lokaci ya ƙare ana kunnen doki, alƙalai uku ne suke ɗaga tuta su nuna wanda suke ganin ya fi taɓukawa. Yau an soke wannan tsari, ana ci gaba da fafatawa har sai wani ya ci maki.

Maza sun fara judo a Olampik tun wasannin Tokyo na 1964. Mata kuwa sai a 1980 aka shirya musu gasar duniya ta farko a birnin New York. A wasannin Seoul na 1988 an bar su sun yi wasa na gwaji kawai, lambobinsu ba su shiga lissafin ƙasashe ba. Barselona ne wuri na farko da judon mata ya zama cikakken wasan Olampik.

Yarinya cikin maza

An haifi Yael Arad ranar 1 ga watan Mayun 1967 a Tel Aviv. Mahaifinta da mahaifiyarta duka ƴan jarida ne. Ta fara judo tana ƴar shekara 8, lokacin da ba a cika ganin mace a fagen ba. Shi kuwa judo ba a koyon sa da buhun yashi, dole sai da mutum mai rai wanda zai ja ka, ya ture ka, ya kayar da kai. Da yake matan da za su iya da ita ba su da yawa a ƙasarta, sai ta riƙa atisaye da maza. Daga baya ta riƙa fita Turai da Japan domin ta gwada ƙarfi da waɗanda suka fi ta.

Tana shekara 17 ta shiga gasar duniya ta 1984 a birnin Vienna na Ostiriya, ta zo ta bakwai. A lokacin babu tabbacin mata za su taɓa shiga Olampik, wato tana zuba ƙuruciyarta ne a kan abin da ba a san ranar zuwansa ba. Sakamako ya zo sannu a hankali: tagulla a gasar Turai ta 1989, wata tagullar a ta 1991, sannan tagulla a gasar duniya ta 1991, wadda aka yi a Barselona shekara guda kafin Olampik.

Saboda haka ba da ka ta isa wasan ƙarshe na 1992 ba. A wasan kusa da na ƙarshe ta kawar da Frauke Eickhoff ta Jamus, wadda ke riƙe da kambun duniya a lokacin. Ita ma Fleury da ta doke ta ba kanwar lasa ba ce, don ita ce zakarar duniya ta 1989.

Arad ta sadaukar da lambarta ga ƴan tawagar Isra'ila 11 da aka kashe a wasannin Munik na 1972, bayan da ƴan ƙungiyar Falasɗinawa ta Black September suka kutsa masaukinsu suka yi garkuwa da su. Wasannin nan ne dai Daboré ya ci wa Nijar tagulla a cikinsu. Washegarin nasarar Arad, ɗan ƙasarta Oren Smadja ya ƙara da tagulla a judon maza, ajin kilo 71. Cikin kwana biyu ƙasar da ba ta da ko ɗaya ta tashi da lambobi biyu, duka a wasa guda.

Bayan azurfa

Shekarar 1993 ce Arad ta fi haskakawa. Ta lashe zinariya a gasar Turai da aka yi a Atina, babban birnin Girka, sannan ta kai wasan ƙarshe a gasar duniya ta birnin Hamilton na Kanada, inda Gella Vandecaveye ta Beljiyam ta doke ta. Ta je wasannin Atlanta na 1996 da fatan cike gurbin zinariyar da ta kuɓuce mata, amma ta yi wasa ba ta da cikakkiyar lafiya. Ta sha kaye a karawar neman tagulla a hannun Jung Sung-sook ta Koriya ta Kudu, ta ƙare a matsayi na biyar. Daga nan ta ajiye gasa.

Ta shiga harkar kasuwanci, tana kuma sharhin wasanni a talabijin, amma ba ta yi nisa da fagen ba. A watan Nuwamban 2021 aka zaɓe ta shugabar kwamitin Olampik na Isra'ila, mace ta farko da ta hau kujerar. A watan Oktoban 2023, a taron da aka yi a birnin Mumbai na Indiya, ta zama mamba a kwamitin Olampik na duniya, CIO.

Waɗanda suka biyo sawunta

Lambobin 1992 sun ja hankalin iyaye da yara zuwa ɗakunan koyon judo, kuma wasan ba ya cin kuɗi kamar wasu: ɗaki, shimfiɗa, riga da malami sun isa a fara. Smadja ya zama mai horar da tawagar maza, ita kuma tawagar mata ta daɗe a hannun koci ɗaya, Shany Hershko. Ƙasar ta kuma riƙa jawo manyan gasa zuwa gida, kamar gasar Turai ta 2018 a Tel Aviv, abin da ya ba matasa damar ganin gwanayen duniya ido da ido.

Duk da haka sai da aka shekara 24 kafin wata mace ta sake cin lamba. Ita ce Yarden Gerbi, wadda tana ƴar shekara 3 lokacin da Arad ta hau mumbari a Barselona. A 2013 Gerbi ta zama zakarar duniya a ajin kilo 63, bayan ta doke Clarisse Agbegnenou ta Faransa a birnin Rio na Brazil. A birnin ne kuma ta ci tagullar Olampik a 2016. Bayan ta koma gida ta yi gwanjon ƙyallen da ke ɗauke da sunanta a bayan rigarta, ta ba da kuɗin ga sashen yara masu ciwon daji na wani asibiti a Tel Aviv.

A wasannin Tokyo da aka yi a 2021, tawagar haɗaka ta maza da mata ta ci tagulla. A Paris kuwa mata biyu suka kai wasan ƙarshe: Inbar Lanir, zakarar duniya ta 2023, a ajin kilo 78, da Raz Hershko a ajin masu nauyin da ya haura haka. Lanir ta sha kaye a hannun Alice Bellandi ta Italiya, Hershko kuma a hannun Beatriz Souza ta Brazil.

Siyasa a kan shimfiɗa

Rikicin Isra'ila da Falasɗinawa yakan biyo ƴan wasan har fage, kuma a judo abin ya fi fitowa fili, tun da sai an kama juna, an kuma rusuna wa juna. A Rio, Islam El Shehaby na Masar ya ƙi miƙa wa Or Sasson hannu bayan karawarsu. A Tokyo, Fethi Nourine na Aljeriya ya janye daga gasar don kada ya haɗu da ɗan Isra'ila, ya ce goyon bayan Falasɗinawa ne ya sa, hukumar judo ta duniya kuma ta dakatar da shi na shekara 10. A Tokyon dai, Tahani Alqahtani ta Saudiyya ta fito ta kara da Raz Hershko, suka gaisa bayan wasa.

Kafin wasannin Paris, ana tsakiyar yaƙin Gaza, kwamitin Olampik na Falasɗinu ya nemi a hana Isra'ila shiga. CIO bai amince ba, tawagar ta yi wasanninta cikin tsauraran matakan tsaro. Arad ce ke shugabantar kwamitin ƙasarta a lokacin, kuma tawagar ta koma gida da lambobi 7, adadi mafi yawa da ta taɓa samu a zuwa ɗaya.

Abu guda ne har yanzu judon Isra'ila bai samu ba. Sau uku matansa suna kai wa wasan ƙarshe na Olampik, sau uku suna komawa da azurfa, kuma babu namijin da ya taɓa kai wa wannan mataki. Dama ta gaba ita ce wasannin Los Angeles na Amurka a 2028, shekara 36 bayan alƙalan Barselona sun ba Fleury nasara.