Wasiƙun Sojan Bama da 'Yan Matan da Suka Jira a Ƙasar Yawuri

A zamanin Sarkin Yawuri Abdullahi ɗan Jibrilu, wanda ya yi sarauta daga 1923 zuwa 1955, aka yi yaƙin da dattawa ke kira Yaƙin Hitila, aka bi ƙasashen hakimai ana ɗibar samari, har ɗibar ta iso Ngaski da Shanga da ƙauyukan bakin Kwara. Waɗansu sun fafata da Italiya a Habasha a 1941. Waɗansu kuwa aka zuba su a jirgin ruwa daga Ikko zuwa Hindu a 1943 da 1944, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka kutsa dazuzzukan Bama, a kwarin Kaladan da Arakan, suka yi arangama da Japan.

To, saurayin da ya bar budurwa an yi masu baiko, ba shi da wata hanyar jaddada alkawari face wasiƙa, ita kuwa wasiƙar nan, ko kusa ba sirri ba ce. Galibin sojan ba su iya boko ba sa'ad da aka ɗauke su, saboda haka sai mutum ya tsuguna gaban wani akawun soja ko almajirin da ya ƙware a ajami, ya yi masa shifta. Daga nan takarda ta faɗa hannun hafsan da ke tace wasiƙu, ya soke sunan gari da duk abin da abokan gāba za su amfana da shi. In kuwa ta tsira daga teku, ta hau jirgin ƙasa, ta bi mota har Yalwa, ta shiga kwalekwale ko jakar masinjan hakimi, sai a nemo malami ya karanta ta a zaure, uban yarinya na zaune, ita kuwa tana laɓe bayan danga tana kasa kunne.

Wanda ya san kunnuwa da yawa za su ji maganarsa, tilas ya yi ta da hikima. Don haka mai neman kalmomin bege ƙarara a irin wannan takarda ya jahilci al'adar. Alkunya ta hana a ambaci so a gaban surukai, sai a ɓoye shi cikin jerin gaisuwa: a gai da Baba, a gai da Inna, a gai da mutanen gida baki ɗaya, kana a ƙarshe a sako sunan yarinya tamkar an tuna da ita ne kwatsam, a ce ga 'yan sulalla a saya mata zane. A ganina, wannan taƙaitawa ta fi doguwar ƙasida balaga, domin kowa a zauren ya fahimci inda aka dosa, ba kuma wanda aka kunyata.

Akwai kuma fuskar shari'a, wadda ta fi nauyi. A mazhabar Malikiyya, matar mafƙudi, wato wanda ya ɓace ba labari, takan kai ƙara gun alƙali, a yanka mata shekara huɗu, sa'an nan ta yi idda. In kuma nafaƙa ta yanke, tana da ikon neman rabuwa tun kafin haka. Ashe takardar da ta iso daga Bama hujja ce cewa miji na raye, kuɗin da ake yanka daga albashinsa a biya iyali kuwa shi ne nafaƙar. Budurwar da ba a ɗaura wa aure ba, ita ba ta da wannan kariya. Abin da ke riƙe da ita amanar uba ce kurum, alhali masu neman aure suna ta sintiri, damina na bin damina. Haƙurin waɗannan mata jarumtaka ce da ba a ba wa lambar girma ba, ko da sojan suka komo a 1946, Sa'adu Zungur ya tarye su da waƙarsa ta Maraba da Soja.

Takarda ba ta jure gara da ruwa, ga shi kuma an tashi garuruwan bakin kogi da tsibirai sa'ad da Tafkin Kainji ya cika a 1968, aka yi irin ƙaurar da takan salwantar da ƙananan kaya. Duk gidan da ke Wara ko Ngaski ko Yalwa da ya tarar da ragowar irin waɗannan wasiƙu a ƙasan adakar kaka, ya kyautu ya ɗauki hotonsu, ya kai kwafi Gidan Arewa a Kaduna ko Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, tun jikokin da suka san masu sunayen suna da rai.