Abin da ke cinye birkin mota tun kafin lokacinsa

Direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Aujara, a ƙaramar hukumar Jahun, da Dutse sun saba da kuka guda: a sa sabon fad na birki, wata biyu ba su cika ba ya cinye. Galibi akan ɗora laifin kan jabun kaya, amma sau da yawa cutar tana jikin motar ne, kuma tsohon fad ɗin da aka cire shi ke tona ta.

Fad shi ne ɗan faifan da ke cije diskin taya idan aka taka birki. Sabo yakan kai kaurin milimita 10 zuwa 12, kuma idan ya sauko milimita 3 ya isa canji. Saboda haka ya kamata makanike ya jera tsofaffin ya dube su kafin ya zubar. Idan na ciki ya fi na waje cinyewa, alama ce kalifa, wato maƙallin da ke matse su, ta cije. Ƙurar hunturu da yashi da ruwan damina sukan shiga ta yagaggiyar roba su busar da giris, sai birki ya kama ya ƙi saki. Irin wannan taya takan fi sauran zafi bayan gajeriyar tafiya, motar kuma ta riƙa ja gefe guda.

Idan duka sun cinye daidai wa daida, to a binciki tuƙi da lodi. Motar da aka danƙara wa buhunan riɗi ko shinkafa ranar kasuwa tana buƙatar ƙarfin birki fiye da kima. Haka kuma idan gudu ya ninka sau biyu, aikin da birki zai yi ya ninka sau huɗu. Direban da ke ɗora ƙafa kan birki yana tafiya, shi ma yana ƙona shi ne a banza.

Sauran alamomin ma ba ɓoyayyu ba ne. Karkarwar sitiyari yayin taka birki tana nuna diski ya ci ba daidai ba. Ƙarar gugar ƙarfe na nufin fad ya ƙare ƙarƙaf. Birkin da ya yi laushi ko ya nutse ƙasa kuwa, iska ce ta shiga ko mai ke yoyo, kuma wannan motar ba ta hawa titi sai an gyara.

Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana tsotse danshi, shi ya sa kamfanonin motoci da dama ke cewa a canza shi duk bayan shekara 2. Masu zuba ruwan omo a madadinsa suna wasa da rayukan fasinjoji ne, domin ruwa yakan tafasa idan birki ya yi zafi, sai a taka a ji wayam.

Wanda ya canza fad bai gyara kalifa ba, kuɗinsa kawai ya zubar, domin sabon ma hanyar tsohon zai bi.