Kwas Ɗin Da Ke Hana Malami Saurin Cewa Daƙiƙi

Ɗalibin da ke karatun malanta a jami'a, ko Bayero ce, ko Ahmadu Bello, ko Usmanu Ɗanfodiyo, yakan haɗu da kwas ɗin nazarin dangantakar ilimi da zamantakewa. Da yawa kan shige shi da niyyar haddace sunayen Turawa, a ci jarrabawa a wuce. Zango bai yi nisa ba sai ɗalibi ya tarar ashe labarin unguwarsu ake ba shi.

Tambayar da kwas ɗin ke bi ita ce: yara biyu, aji ɗaya, malami ɗaya, me ya sa wannan ya yi fice wancan ya kasa? Emile Durkheim, Bafaranshen da ya rasu a 1917, ya ɗauki makaranta a matsayin hanyar da al'umma ke miƙa ɗabi'unta ga na baya. Pierre Bourdieu ya ƙara da cewa kowane yaro da guzurin da yake zuwa da shi daga gida: harshe, sabo da littafi, da rashin jin tsoron yin tambaya. Ɗan ma'aikacin da ya tashi yana jin Turanci a falo, da ɗan manomin da ya fara jin sa ranar da aka kai shi firamare, ba wuri ɗaya suka fara tsere ba. Rahoton Coleman na 1966 a Amurka ma ya gano cewa yanayin gida ya fi kayan aikin makaranta tasiri a kan sakamakon yara.

Bulala ma ana zancenta. Tun a ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya yi gargaɗi a littafinsa Muƙaddima cewa tsananta wa ɗalibi na koya masa ƙarya da ha'inci. Haka kuma kwas ɗin kan duba tarihinmu na gida: makarantar Ɗan Hausa ta 1909 a Nassarawa, Kano, da malamai da 'ya'yan sarakuna ta fara, sai a 1976 shirin ilimin firamare na bai-ɗaya (UPE) ya buɗe ƙofa ga kowa.

Amfanin kwas ɗin yakan bayyana ne lokacin gwajin koyarwa. Yarinyar da ke gyangyaɗi a aji wataƙila talla ta kai ta dare. Yaron da ya yi shiru wataƙila bai karya kumallo ba.

Saboda haka, malamai da masu shirin zama malamai, kafin ku yanke wa yaro hukunci, ku bincika halin da ya baro a gida.