LISSAFI KAFIN SHUKA: ABIN DA MASANAN SAMARU SUKA GANO A GONAKINMU

'Yan'uwa manoma, kakar shekarar 2025 ta bar wa mutane da yawa a ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan abin tunani. Mutum ya sayi taki da tsada a farkon damina, ya biya 'yan ƙwadago, ya biya mai feshi, da kaka ta yi sai ya tarar farashin masara ya faɗi ƙasa ƙwarai da yadda yake a 2024. Wani ya sayar da duk abin da ya noma bai mai da kuɗin taki ba. Wani kuwa har yanzu bai san ko riba ya ci ko faɗuwa ya yi ba, domin bai rubuta komai ba tun daga sharar gona har zuwa ɗinkin buhu. Idan ka tambaye shi sai ya ce, "Mun gode Allah, an dai samu." Godiya wajibi ce, amma ba ta hana mutum sanin abin da ya shiga aljihunsa da abin da ya fita.

Akwai wani fannin ilimi da ba shi da wani aiki sai wannan, wato lissafin tafiyar da gona. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wani babban sashe na wannan ilimi a nan ƙasar Zazzau aka gina shi, daga bakin iyayenmu da kakanninmu.

MAFARIN ABIN

A farkon ƙarni na 20, wani malami mai suna George Warren na Jami'ar Cornell a Amurka ya ga cewa sanin ƙasa da iri kaɗai ba ya sa manomi ya yi arziki. Sai shi da ɗalibansa suka riƙa bi gida gida suna tambayar manoma abin da suka kashe da abin da suka samu. An buga sakamakon binciken a 1911. Daga nan wannan hanya ta yaɗu a duniya.

Amma game da manoman ƙasashe irin namu, masana da yawa a lokacin sun ɗauka cewa jahilci da taurin kai ne ke hana su karɓar sabbin dabaru. A 1964 wani masanin tattalin arziki, Theodore Schultz na Jami'ar Chicago, ya ƙi yarda da haka. Ya ce ƙaramin manomi matalauci ne, amma ba wawa ba ne, yana sarrafa ɗan abin da ke hannunsa daidai gwargwado. An ba Schultz lambar yabo ta Nobel a 1979. To, amma magana ce, tana bukatar shaida. Wani sashe na shaidar daga Samaru ya fito.

ƘAUYUKA UKU

Tun 1922 ake binciken aikin gona a Samaru, kuma a 1962 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A 1965 wani saurayi ɗan Ingila, David Norman, ya zo ya shugabanci sashen binciken tattalin arzikin karkara. Ya zaɓi ƙauyuka 3: Hanwa a bakin Zariya, Ɗan Mahawayi da ke can ciki nesa da titi, da Doka da ke kan hanyar Zariya zuwa Kano, wato nan gefenmu. A 1966 zuwa 1967 ma'aikatansa suka zauna a ƙauyukan, suna zagaya gidaje fiye da 100, sau biyu kowane mako, har shekara ta zagayo. Wa ya je gona jiya? Awa nawa ya yi? Me ya yi? Nawa aka biya? Dami nawa aka ɗaure? Duk suka rubuta.

A zamanin nan malaman gona suna koyar da cewa a shuka abu ɗaya tak a gona, a bar gauraya gero da dawa da wake da gyaɗa. Manoma suna saurara, su ce to, su koma su ci gaba da abin da suka saba. Norman ya tarar fiye da kashi uku cikin huɗu na gonakin da ake nomawa haɗaka ce, kuma gero da dawa su ne kan gaba. Da ya buga lissafi sai ya ga ashe manoman ne ke da gaskiya. Ko da yake kowane iri yana raguwa kaɗan idan an haɗa shi da wani, idan aka tara darajar duk abin da eka ɗaya ta bayar, gonar haɗaka ta fi ta abu ɗaya. Bugu da ƙari, ta fi tabbas: in ruwa ya ɗauke da wuri ya cuci dawa, gero ya riga ya shiga rumbu.

Abu na biyu da ya gano ya fi wannan muhimmanci. Abin da ya fi ƙaranci a gidan manomi a lokacin ba fili ba ne, hannu ne, musamman a watannin Yuni da Yuli lokacin noman firi da maimai. A nan ne kowa ke neman kowa. Saboda haka duk dabarar da za ta ƙara aiki a waɗannan watanni, manomi zai ƙi ta ko da tana da kyau a gonar gwaji. An ga haka a fili wajen auduga a Daudawa, cikin Jihar Katsina ta yanzu, a farkon shekarun 1970. Masana sun ce a shuka auduga da wuri, manoma kuwa sai sun gama da hatsi suke waiwayarta. Bincike ya nuna ba lalaci ba ne, mutum ba ya barin abincin iyalinsa cikin ciyawa ya tafi neman kuɗin auduga.

Ba Norman kaɗai ba ne. Emmy Simmons ta shiga cikin gidaje a waɗannan ƙauyuka ta bincika abincin da ake ci da sana'o'in mata, irin su ƙuli-ƙuli da fura da ƙosai, ta nuna cewa kuɗin da ke hannun mata ba ƙaramin ginshiƙi ba ne a gida. Henry Hays ya bi sawun hatsi daga rumbu zuwa kasuwa. George Abalu ya ci gaba da nazarin haɗakar shuka. Norman ya bar Samaru a 1976, kuma a 1982 shi da Simmons da Hays suka tattara aikin a littafi guda. Darasin da duniya ta ɗauka daga Samaru shi ne: kafin ka ba manomi shawara, fara zama ka ji lissafinsa.

ABIN DA YA CANZA

To, in iyayenmu sun iya lissafi da ka, me ya sa mu za mu ɗauki biro? Dalili shi ne noman ya canza. A 1966 manomi yana ajiye irinsa, yana kai takin gida a mangala, 'ya'yansa suna gandu, in aiki ya yi yawa a kira gayya. Kuɗin da ke fita kaɗan ne. Daga 1975, da aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, sai ingantacciyar masara da takin zamani mai rahusa suka mamaye wannan yanki, masara ta tashi daga bayan gida ta zama abin sayarwa. A 1997 gwamnati ta janye tallafin taki gaba ɗaya, aka dawo da wani sashe a 1999. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, abin da ya taɓa mai injin ban ruwa a fadamun Kudan da mai dakon rake daga Maƙarfi. A yau iri saye ne, taki saye ne, maganin ciyawa saye ne, hannu ma saye ne. Kuɗi yana fita kaɗan kaɗan cikin wata biyar ko shida, ya dawo rana ɗaya. Kai ba ya riƙe irin wannan.

YADDA AKE YI

Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa. A ba kowace gona shafinta. Ga misali, kuma alƙaluman na misali ne kawai, kowa ya sa farashin kasuwarsu. Mu ɗauka hekta ɗaya ce ta masara. Hayar gona naira 60,000, huɗa 60,000, iri 30,000, taki Kamfa da yuriya 300,000, maganin ciyawa 40,000, ƙwadago 70,000, casa da buhuna da dako 40,000. Jimla naira 600,000. Mu ce an samu buhu 25. In buhu yana 40,000, an tashi da 1,000,000, saura 400,000 a hannu. In ya faɗo 25,000, an tashi da 625,000, saura 25,000 kacal.

Yanzu a raba 600,000 gida 25. Ya ba da 24,000. Wannan shi ne kuɗin da kowane buhu ya ci kafin ya bar gona. Duk wanda ya sayar ƙasa da haka, uwar kuɗinsa yake ci. Manomin da ya san wannan lamba yana tsayawa gaban dillali da ƙarfin zuciya.

Amma akwai sauran abu guda, wanda Norman ya nace a kansa: aikin mutanen gida. Kai da matarka da 'ya'yanka kun yi kwanaki a gonar nan. Da a gonar wani kuka yi, da an biya ku. In aikinku ya kai 100,000, to ainihin kuɗin buhu ya koma 28,000. Ke nan a farashin 25,000, abin da kake kira riba guminku ne kuka sayar da araha. Haka kuma wanda gonar tasa ce ta gado ya rubuta kuɗin haya, domin da ya bayar da ita haya da ya karɓa.

Akwai kuma ƙaramin lissafi na lokacin da mutum ke son canza abu ɗaya. Alal misali, ana ce maka ƙara buhu 2 na taki, kowanne 50,000, za ka ƙara samun buhu 4 na masara. In masara tana 40,000, ka zuba 100,000 ka ɗebi 160,000. In tana 25,000, ka zuba 100,000 ka ɗebi 100,000, wahala ce kawai, balle in bashi mai ruwa ka ci. Tambayoyin huɗu ne: me zai ƙaru a samu, me zai ragu a samu, me zai ƙaru a kashewa, me zai ragu a kashewa. Kuma a yi lissafin sau biyu, da farashi mai kyau da kuma mummuna.

MASU TUMATIR DA RAKE

Masu noman rani sun fi kowa bukatar wannan. Masara tana jira a ɗaki, tumatir ba ya jira. Lokacin da kowa ke tsinka, kuɗin kwando da mota da la'ada kan kusa cinye kuɗin kayan. An kafa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara a 1981 domin rage wannan asara, amma ya yi shekaru masu yawa a rufe, saboda haka kada kowa ya gina lissafinsa a kan mai saye guda. A 2016 kuma tsutsar da ake kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Wanda ya zuba komai a tumatir ya tashi hannu biyu. Wanda ya raba da albasa ko barkono ya samu na tashi. Hikimar gero da dawa ce dai ta dawo da wata riga.

Mai rake shi ma ya auna: sayar da gona a tsaye, ko sara a kai kasuwa, ko dafa mazarƙwaila? Kowanne da kuɗinsa, da itacensa, da kwanakinsa. Rake yana riƙe fili kusan shekara, don haka a gwada shi da abin da filin zai bayar in an noma shi sau biyu.

KAFIN RUWA YA SAUKA

Shafi na ƙarshe a littafin shi ne na watanni. A rubuta lokacin da kuɗi zai fita: taki a Mayu da Yuni, ƙwadago a Yuni da Yuli, hidimar Kirsimati a Disamba, kuɗin makaranta a Satumba da Janairu. Yawancinmu ba don muna so muke sayar da hatsi a kaka ba, bukata ce ke kama mu ba shiri. Wanda ya hango ta tun bazara zai tanadi akuya ko zubin adashe domin ta. A fara ware abincin gida na shekara kafin a ƙidaya na sayarwa. A kuma zauna da uwargida a yi lissafin tare, domin ita ta san mudu nawa ake ci a rana, kuma sau da yawa jarinta ne ke cike giɓi a tsakiyar damina.

Dattawan da ba su yi boko ba kada su ji kunya. A kusan kowane gida akwai yaron da ke iya rubutu, kuma matasan ikilisiya za su iya ɗaukar wannan a matsayin hidima ga iyaye. Baba ya faɗa, yaro ya rubuta, kowane Asabar da yamma. Ma'aikatan Samaru sun yi shekara guda suna rubuta lissafin gidajen da ba nasu ba, duniya ta ƙaru da shi. Bai kamata mu kasa rubuta na gidajenmu ba. Masu iya magana sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma ba wanda zai san rawar mai kyau ce ko mummuna sai ya ƙirga takunsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu hikimar riƙon abin da muka samu. Amin.