JIRGIN SAMA NA WASA MAI AIKI DA BATIR: SHAWARA GA MALAMAN BATSARI DA SAFANA

Ran 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sama uku na mayaƙan Ingila suka sauka Kano, bayan sun taso daga Masar suna yada zango a hanya. Su ne na farko da suka taɓa ƙasar Nijeriya. Shekara ɗari ke nan. Abin da a da sai gwamnati ke iya mallaka, yau malamin makaranta na iya sayen ƙaraminsa cikin kwali, ya harhaɗa shi a zaure, ya tashe shi yana tsaye a ƙasa, linzamin na hannunsa.

Irin wannan jirgi batir ke tuƙa shi, saƙon rediyo ke sarrafa shi. Kada wani ya raina shi don an kira shi na wasa. A shekarar 2022 kamfanin Zipline ya fara kai magunguna asibitocin karkara a Jihar Kaduna da babban yayansa, kamar yadda ya fara a Ruwanda cikin 2016. A Kaduna ɗin ne kuma aka ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi maras matuƙi na mayaƙan saman Nijeriya, cikin Fabrairu 2018. Yaron da ya gane abin da ke ɗaga ƙaramin, ya kama hanyar gane babban. Saboda haka muka ga ya kyautu mu yi wa malamai da akawunan da ke sha'awar abin bayani, musamman na ƙasar Batsari da Safana, domin tasu matsalar ta sha bamban da ta sauran wurare.

IZINI SHI NE KAYAN AIKI NA FARKO

Mai karatu zai zaci da inji za mu fara. A'a, da takarda za mu fara. Tun cikin Mayu 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya ta ba da sanarwa kada kowa ya tashi jirgi maras matuƙi sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Kafin mutum ya fitar da ko kwabo, sai ya bincika abin da dokar ke nema daga gare shi, har da na shigo da kayan daga waje.

Bayan doka kuma akwai hankali. Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu, kowa kuwa ya san abin da 'yan bindiga suka jawo wa wannan yanki. Cikin Satumba 2021 har sai da aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, waɗannan biyu na ciki. Har wa yau mutane ba su manta da Tudun Biri ba, ta ƙasar Igabi a Jihar Kaduna, inda ran 3 ga Disamba, 2023, jirgin soja maras matuƙi ya yi kuskure ya kashe masu Mauludi fiye da 80, Allah ya jiƙansu. To, a irin wannan ƙasa, wanda ya ga baƙon abu na shawagi a kansa ba wasa zai fara tunawa ba. Mutanen ƙauye na iya watsewa da gudu, jami'an tsaro na iya harbo shi, mai shi kuma a zarge shi da leƙen asiri. Zargi irin wannan ya kan ci rai.

Don haka ko da takarda ta zo hannu, sai a sanar da Hakimi ta hannun mai unguwa da dagaci, a sanar da 'yan sanda, a faɗi rana da wuri. Kada a kusanci daji, ko sansanin soja, ko kasuwa, ko filin jirgin sama na Katsina. In hukuma ta ce a dakata, a dakata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

WANE IRI ZA A SAYA

Sabon shiga ya kan so ƙarami, a zatonsa shi ne mai sauƙi. Ba haka ba ne. Ƙarami iska ke wasa da shi kamar kara, in ya ɗan yi nisa kuma ido ba ya rarrabe gabansa da bayansa. Wanda ya dace shi ne mai faɗin fukafukai ƙafa 5 zuwa 6, watau mita ɗaya da rabi zuwa kusan biyu, nauyinsa da batir bai wuce kilo 2 ba. Irin wannan ya na tafiya a hankali, ya na ba mai koyo damar gyara kuskurensa.

A duba abu uku. Na ɗaya, fukafukan su zauna a bisa gadon bayan jirgin, bakinsu ya ɗan ɗaga sama, domin irin wannan in ya karkata shi ke miƙe kansa. Na biyu, jikinsa ya zama na farin soso mai tauri, dangin wanda a ke tokare talabijin da shi cikin kwali. In ya karye, gam ya ishe shi. Na katako ya fi kyan gani, amma faɗuwa ɗaya sai mako guda ana gyara. Na uku, farfela ta kasance a bayan fiffike tana tura jirgin, ba a hanci ba. Dalili kuwa, filayenmu na yashi ne da ƙaya da tsakuwa, ba su son ƙananan tayoyi. Mai farfela a baya da hannu a ke jefa shi, da ciki ya ke sauka, ƙasa ba ta shiga injinsa.

Mai kama da jirgin yaƙi, komai kyansa, a bar shi a kanti. Gudunsa ya fi ƙarfin ɗan koyo, siffarsa kuma ita ce mai tsorata jama'a. A nemi mai launi ja ko ruwan ɗorawa, wanda kowa ya hango ya san na yara ne.

INJI DA BATIR, DA ƊAN LISSAFI

A nan malamin lissafi zai sami darasi. Ƙarfin inji da wat a ke auna shi, jirgin koyo kuwa ya na bukatar wajen wat 150 zuwa 200 ga kowane kilo. Ke nan mai kilo 2 injin wat 400 ya wadace shi.

Batirin da a ke amfani da shi sunansa LiPo. Gida-gida ne, kowane gida bolt 3.7, saboda haka mai gida huɗu bolt 14.8 ke nan. In aka raba 400 da 14.8 za a sami amfiya 27, ita ce wutar da inji zai ja in an buɗe shi duka. Tsakanin batir da inji akwai wata 'yar na'ura mai rabon wuta. Sai a sayi wadda ke ɗaukar amfiya 40, don ta sami sarari kada ta ƙone. Batirin da aka rubuta wa 5000 a jiki ya na iya ba da amfiya 5 har awa guda. Ba a shanye shi ƙarƙaf, huɗu cikin biyar a ke ci. In jirgi na tafiyar hankali ya na jan amfiya 10, minti 24 ke nan a sama. Mai dabara ya kan sauko tun a minti na 20.

Batirin nan shi ne mafi haɗari cikin kayan duka, domin ya na kama wuta in an huda shi, ko an cika shi fiye da bolt 4.2 a gida. Ba ya son zafi, ga shi kuwa a watan Afrilu zafin ƙasar Katsina ya kan kai digiri 40. Kada a bar shi a rana ko cikin mota rufaffiya. A yi cajinsa da cajar da aka yi dominsa, mai daidaita gidajen, a sa shi cikin tukunyar ƙasa nesa da katifa da danni, da yashi a kusa, mutum na zaune ya na kallo. Yawancin cajojin nan na aiki da batirin mota, don haka rashin wutar gari ba ya hana komai. In za a ajiye shi kwanaki, a bar shi a bolt 3.8 kowane gida. Wanda ya kumbura ya gama aiki.

LINZAMI

Akwatin linzami shi ne abin da bai kamata a yi masa rowa ba, gama jirgi zai karye a sake wani, shi kuwa ya na nan. A sayi mai layi shida. Huɗu na aiki ne, watau wuta, da hawa da sauka, da karkata, da juya wutsiya, biyu kuma na ajiya. A cikin jirgi akwai 'yan injina masu aikin jijiya, su ke jan filafilan fiffike da na wutsiya, a nemi masu haƙoran ƙarfe. Lalle ne a saita shi yadda in saƙo ya yanke inji zai mutu nan take, kada jirgin ya miƙe ya faɗa garin wasu. Duk sa'ad da a ke gyara a gida a cire farfela, domin ta na yanka kamar aska.

Game da kyamara, shawararmu ita ce a haƙura. Gidajenmu tsakar gida a buɗe ta ke, iyali na ciki, ba mai yarda a leƙa masa gida ta sama. Hoton hanya ko na sansani kuwa, in ya faɗa hannun da bai dace ba, ɓarnarsa ta fi ta wasa.

RANAR TASHI

Kafin ranar, a yi mako biyu ko uku ana koyo a kwamfuta, akwai manhajar da ke kwaikwayon tashin, faɗuwa a can ba ta cin kuɗi. Sa'an nan a auna jirgin. A ɗora shi kan yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukai, wajen kashi ɗaya cikin uku daga bakin gaba, ko inda takardarsa ta nuna. In ya tsaya daidai, hanci ya ɗan sunkuya, ya yi. In ba haka ba, a matsar da batir. Mai nauyin gaba zai tashi da ƙyar amma zai dawo. Mai nauyin baya, sai a je tsintar gutsattsarinsa.

Lokaci mai kyau shi ne da sassafe kafin hantsi, iska ba ta taso ba. Da kaka ya fi, bayan an kau da amfanin gona. Da damina hadari ba ya sallama, da hunturu kuma hazo na ɓoye jirgi, ƙura na cin inji. A jefa shi ya na fuskantar iska, a saukar da shi haka nan. Kada ya wuce ƙafa 400 a sama, kada ya ɓace wa ido, yara kuma su tsaya bayan mai linzami.

Wanda halin garinsa bai ba shi damar tashi yanzu ba, kada ya ce ya yi asara. Rabin ilmin a ƙasa ya ke. A harhaɗa jirgin a aji, a auna, a yi lissafin, yara su yanka nasu da kwali su jefa a tsakar makaranta, su kuma lura da yadda shirwa ke hawa sama ba ta kaɗa fiffike, iska mai zafi na ɗaga ta. Makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya tun 1964 aka kafa ta, ba abin da ya hana ɗan Ruma ko ɗan Runka shiga. Allah ya kawo mana zaman lafiya, har a ga jirgi bisa Rugu a fito kallo.