Makatsin Wuta Mai Faɗuwa Lokaci-Lokaci: Hanyar Gano Dalilinsa

Daga cikin matsalolin lantarki a gidaje, babu wadda ta fi ɗaure wa mutane kai kamar ta makatsin wuta, watau abin da masu aikin waya ke kira bireka, wanda kan faɗi yau, a ta da shi, ya zauna lafiya kwana uku, sa'an nan ya sake faɗuwa da tsakar dare. A kira mai gyara, ya zo ya tarar da kome daidai, sai a yanke hukunci cewa makatsin ne ya lalace. Galibi kuwa ba haka ba ne, don ruwa ba ya tsami banza.

Abu na farko shi ne a san wanda ya faɗi, domin makatsai iri biyu ne. Akwai mai tsaron waya, wanda ake rubuta masa lamba kamar 6 ko 20 ko 32, watau yawan amfiyar da zai bari ta wuce. Akwai kuma mai tsaron rai, wanda ake gane shi da ɗan maɓallin gwaji a fuskarsa. Shi wannan yana auna wutar da ta fita ta waya mai rai da wadda ta dawo ta wayar komawa. In aka sami gibi, to wuta ta zurare zuwa ƙasa ke nan, wataƙila ma ta jikin mutum. Charles Dalziel, malami a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, ya ƙera wani nau'insa a 1961.

Mai tsaron waya yana da ɗan ƙarfe a ciki wanda zafi ke lanƙwasa shi sannu a hankali. Alal misali, wutar gidaje a Nijeriya bolt 230 ce, saboda haka layi mai amfiya 20 yana ɗaukar wat 4,600. In aka haɗa masa hita mai wat 3,000, da butar lantarki mai 2,000, da dutsen guga mai 1,500, kaya sun kai wat 6,500, wajen amfiya 28. Ba zai faɗi nan take ba, sai an ɗauki mintoci masu yawa, lokacin da an manta da abin da aka kunna. Bugu da ƙari, a kan zafin digiri 30 ake daidaita irin waɗannan makatsai, don haka a bazarar Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi kan wuce 40, sukan faɗi da wuri. Haka kuma in kusar da ta riƙe waya ta saki. Amma in faɗuwar ta zo daidai da tashin firji ko injin jan ruwa, dalilin shi ne inji kan ja wuta ninki biyar ko fiye a lokacin da yake tashi.

Mai tsaron rai kuwa lissafinsa dabam ne. Na gidaje miliamfiya 30 ne, watau kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya, kuma yana iya faɗuwa tun daga rabin wannan. Kwamfuta da injin wanki da ire-irensu kowanne yana zurarar da 'yar wuta kaɗan ko da lafiyarsa ƙalau. Idan suka taru a layi ɗaya, sai su kai bakin iyaka, abu kaɗan ya ƙarasa. Danshi ma babban dalili ne: fitilar tsakar gida da ruwan damina ya shiga, ko wayar rufi da ɓera ya ɓantare wa riga, takan zurarar da wuta in an yi ruwa, ta daina in ta bushe.

Tun da yake laifin ɓuya yake yi, babban makamin mai bincike shi ne takarda da alƙalami. Duk sa'ad da makatsi ya faɗi, a rubuta rana da sa'a, da abin da ke kunne, da halin gari. Bayan mako biyu sai a duba. Mai faɗuwa da asuba yana nuni ga hita, mai faɗuwa bayan ruwan sama yana nuni ga wayar waje, wanda ba ya zaɓar lokaci kuwa sai a tuhumi abin da ke kunna kansa, kamar firji.

Daga nan sai a shiga ware kaya. A zare rabinsu, a jira kwanaki. In faɗuwar ta tsaya, mai laifi yana cikin waɗanda aka zare, sai a riƙa mai da su ɗaya bayan ɗaya. Abin lura a nan shi ne, kashe soket bai isa ba, sai an zare filogi ɗungum. Yawancin makunnai waya mai rai kaɗai suke yankewa, alhali kuwa in wayar komawa ta taɓa wayar ƙasa a cikin wani abu, makatsi zai faɗi duk lokacin da aka kunna kaya mai nauyi a wani ɗaki dabam. Irin wannan kan faru kuma a gidajen da aka haɗa janareta ko inbata ba tare da an raba wayar komawa yadda ya kamata ba.

Iyakar aikin maigida ke nan. Buɗe akwatin wuta na ƙwararre ne, wanda zai raba layukan, ya gwada rigar kowace waya da ma'auni mai bolt 500. Duk layin da ya nuna ƙasa da megaom 1 ya faɗi gwaji. Sai bayan an wanke wayoyi da kaya ne za a tuhumi makatsin kansa.

Babban haɗari shi ne gajen haƙuri. Wanda ya cire mai amfiya 20 ya sa mai 32 bai ƙara wa waya kauri ba, ya dai ba ta damar yin zafi cikin rufi har ta kama. Wanda kuma ya tsallake mai tsaron rai da guntuwar waya ya bar yaron da zai taɓa firji da jiƙaƙƙen hannu ba mai kare shi. Rigakafi dai ya fi magani.