Bairas: Baƙon da Ya Rasa Masauki a Gidajen Halittu

Duk ɗalibin da ya buɗe littafin ilmin halittu zai tarar an kasa masu rai gida-gida, kamar yadda ake kasa jama'a zuriya-zuriya. Harsashin wannan tsari kuwa wani masani ne ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya aza shi. A shekarar 1753 ya ba kowane tsiro suna biyu na Latin, na farko na dangi, na biyu na yanka. Gyaɗar da muke nomawa, alal misali, sunanta Arachis hypogaea a kowace ƙasa.

A 1969 Robert Whittaker ya raba halittu gida biyar: dabbobi, tsirrai, dangin fumfuna, bakteriya, da wasu ƙananan halittu irin su amiba. Daga baya masana sun sake fasalin rabon. Amma duk yadda aka juya shi, sharaɗin shiga ɗaya ne: sai jikin abu ya zama an gina shi da ƙwayar halitta, wato sel. A nan bairas ya rasa masauki.

A 1892 ne Dmitri Ivanovsky, mutumin Rasha, ya tace ruwan ganyen taba mai ciwo da matacin da ke tare bakteriya, ya shafa wa lafiyayyen ganye, sai ga ciwo ya kama shi. Ashe akwai abin da ya fi bakteriya ƙanƙanta. Yau an san bairas ɗan zaren gado ne, DNA ko RNA, cikin kwanson furotin. Ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya girma. Sai ya kutsa cikin sel na wani mai rai, ya tilasta masa ƙera ɗaruruwan irinsa. Shi ya sa aka ware masa nasa jadawalin daban.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan muhawarar aji ce kawai. Bairas ne ya nannaɗe ganyen gyaɗa, ya durƙusar da nomanta a arewacin Nijeriya a 1975. Shi ne sanadin ƙyanda, da shan-inna, da zazzaɓin Lassa. Penisilin yana kashe bakteriya ne ta hanyar hana ta gina bangon sel nata. Bairas kuwa ba shi da sel, balle bango. Uwar da ta ɗura wa ɗanta mai ƙyanda irin wannan magani, ba tare da likita ya ga wani ciwon bakteriya ya biyo baya ba, kuɗinta kawai ta zubar. Abin da zai tsare yaron shi ne allurar rigakafi da ake yi masa yana wata tara.